Tagwayen da Labo Ya Ɗaura wa Kamyon Iro

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba, wata motar tseren Turawa ta mutu a dajin arewa da Agiye. Irin motocin nan ne masu ratsa hamada da lamba a ƙofa, suna gudu kamar an biyo su. Masu ita suka yi ta fama kwana biyu, suka gaji, wata mota ta zo ta kwashe su, suka ce wa mai gari duk mai so ya ɗiba. To, ka san mutanenmu. Kafin mako ya zagayo an yi mata tsirara. Tayoyi sun koma takalma, kujeru sun shiga zauren mai gari, ƙofa ɗaya ma an ga wani ya rufe rumbunsa da ita, rumbun da babu ko ƙwayar hatsi a ciki.

Labo bakanike na Gazawa sai daga baya ya zo, a kan jakin aro. Ya yini a ƙarƙashin gawar motar, ya fito baƙi ƙirin, rungume da wasu ƙarafa guda biyu, kowane bai wuce ƙwaryar fura ba, a nannaɗe kamar dodon koɗi. Mutane suka yi ta dariya, wai kowa ya samu nama shi ya tashi da ƙashi. Shekara bakwai ya yi a garajin ma'adinai can Arlit, ya san abin da ya ɗauko. Turbo ake ce masa. Hayaƙin da inji ke fitarwa shi ke juya wata ƴar farfela a ciki, ita kuma ta cusa wa inji iska da ƙarfin tsiya, inji kuwa in ya ƙoshi da iska sai ya yi ƙarfin da bai san yana da shi ba. Motar tseren guda biyu aka sa mata. Labo ya wanke su, ya naɗe a tsohon zanen matarsa, ya raɗa musu suna Hasana da Usaina, ya tura ƙarƙashin gado. Kullum in ya tashi sai ya leƙa su.

Wata uku suna nan a ajiye, har bazara ta shigo, mutane suka koma cin ganye da anza, ƴaƴan dajin nan masu ɗaci. Ran nan da hantsi sai ga Jaye a bakin garaji. Jaye Bafulatani ne, kuma ba baƙo ba ne, don tun zamanin iyayensu garkensu ke sauka gonar su Labo bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki. Da can in ya taho sai ka ji ƙasa na motsi, shanu tamanin ba wasa ba. Yanzu daga shi sai sanda. Ya tsuguna, aka gaisa, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Labo, saura goma sha huɗu. Rijiyar rugarmu ta koma laka. An ce a fadamarku an haƙa rijiyoyin lambu, akwai ruwa, akwai ɗan harawa. Amma ba su iya tafiya. Kwana biyu ne a ƙafa, ko rabin yini ba za su yi ba."

Mota ɗaya ce a garin mai iya ɗaukar shanu, tsohon kamyon Iro. Iro taubashin Labo ne, mutumin Cadakori, tun suna yara suke zagin juna ba a fushi. Aka kira shi, ya ji bayani, ya girgiza kai.

"Ba ƙi na yi ba, Jaye. Tudun Baushe ne. Daga nan zuwa can hawa ne mai sauƙi, amma a dawowa tsaye yake, yashi zalla. Sau biyu ina maƙalewa a nan da buhun tallafi, sai da muka sauke kaya muka haura da su a ka. Buhu ana sauke shi a sake lodawa. Shanunka in aka sauke su a zafin nan, suka kwanta, wa zai tashe su? Zagaye kuwa ta hanyar kwalta, gazuwal ɗin da zan ƙona babu shi a garin nan kaf."

Gaskiya ya faɗa. Tun da aka rufe iyaka gazuwal, man manyan motoci, ya zama kamar turare, a kwalba ake sayen sa. Jaye ya ce to, ya miƙe, ya kakkaɓe riga. Bafulatani ba ya roƙo sau biyu. Labo ya bi bayansa da kallo, ya ji in ya bar mutumin nan ya tafi haka ba zai ƙara iya haɗa ido da kowa ba. Ya ce, "Jaye, ba ni kwana bakwai. Iro, kawo mini akwalar taka."

Iro ya ce, "Akwala? Ita ta kai ka ɗaurin aurenka, mara kunya."

Kai, aikin nan an sha wuya! Injin kamyo mai tukunya shida ne a jere, wato silinda, Labo ya yanka bututun hayaƙinsa gida biyu, uku na gaba ya ba Hasana, uku na baya ya ba Usaina. Babu abin da ya dace da wani. Ƙarfen Turawa sumul, na Iro duk tsatsa. Ya samo bututun wani famfon rijiya da ya mutu, ya cika shi da yashi, ya gasa a wuta ya lanƙwasa don kada ya ƙulle, ya yi walda, ya goge, ya gwada, ya sake yankewa. Siririn bututun jan ƙarfe da zai kai wa tagwayen baƙin mai kuwa, daga bayan wani mataccen firji ya ciro shi. Sannan ya buɗe famfon gazuwal, ya murɗa ƙusarsa zagaye ɗaya da rabi, don mai ya yi daidai da iska. Ranar gwajin farko tiyo ya fashe, ƙara ta sa jakunan kasuwa suka tsinke igiya. Ranar na biyu baƙin mai ya yi masa wanka tun daga hula har takalmi. Masu zaman banza a gindin dalbejiya suka samu abin yi, kowa ya zama gwani, wannan ya ce a ɗaure nan, wancan ya ce ai tun farko shi ya san ba za ta yi ba. Mutumin da bai taɓa kwance ko keke ba!

Kwana bakwai suka zama tara. A rana ta takwas wani mai raƙumi ya kawo saƙo daga ruga, wai uku sun tafi, saura goma sha ɗaya. Labo ya ji kamar shi ya kashe su da hannunsa. Ranar ko anzar da matarsa Tani ta aiko bai taɓa ba.

Da safiyar rana ta tara aka tura kamyo ya tashi. Iro ya taka a hankali. Da farko ƙarar da aka saba ce, ta tsohon inji mai tari. Sai wani siririn fito ya taso daga ƙarƙashinta, wani ya bi shi, suka haɗu suka zama ɗaya, suna hawa sama. Kamyon da ake yi wa ba'a ko kaza ba ya iya kora ya zabura, sai da Iro ya bugu da bayan kujera. Suka je bakin gari suka dawo. Ƴan gindin dalbejiya suka miƙe tsaye ba wanda ya ce su tashi. Labo ya sauko yana goge hannu, fuska a murtuke wai shi ba komai ba ne, alhali a ciki ji yake duk faɗin ƙasar Maraɗi babu bakanike kamarsa. Kuma ranar dai, a gaskiya, babu.

Kafin su kama hanya ya ja Iro gefe, don ya san halin mutuminsa. Direbobin ƙasar nan duka, tun da mai ya yi tsada, da sun hau kan tudu sai su ja ƴar wayar kashe inji, su bar mota ta gangara da kanta. Iro kuwa shi ne limaminsu. Ko kwalbati ya hau sai ya kashe.

"Ka saurare ni da kunnen hankali," in ji Labo. "Yaran nan a kan baƙin mai suke juyawa. Inji ya tsaya, mai ya tsaya, su kuwa suna can suna gudu da zafinsu, sai su ci kansu. Kada ka kashe a kan tudu. In mun tsaya ma, ka bar shi ya yi ta gurnani har su huce."

"In tsaya ina ƙona gazuwal don ƙarfe ya huta? Ni wa ya ba ni hutu?"

"Iro!"

"Na ji, na ji. Wallahi ba na kashewa."

Suka fita. Labo ya hau baya, yana baza yashi a dandamalin motar don kada kofaton shanu ya zame, yana ɗaura itatuwan da za su jingina. Kamyo ya kama dogon hawan nan na kudu, tagwaye na fito, Iro na waƙa a gaba. Rabonsa da hawa Tudun Baushe ba tare da ya sauko giyar farko ba, tun motar na sabuwa. Daɗi ya kwashe shi, ya taka har ƙasa, suka kai ƙololuwa a guje.

Sai shiru.

Ba da gangan ya yi ba, wannan kam kowa ya shaida. Hannun ne ya tafi da kansa, kamar yadda ya saba shekara da shekaru. Labo ya ji inji ya mutu, ya ji tagwayensa na ci gaba da juyawa a bushe, fitonsu na komawa kuka. Ya yi tsalle ya hau dukan rufin mota da hannu biyu. Iro kuwa ya ɗauka kirari ake yi masa, har da fito da hannu ta taga yana jinjina. Sai da suka kai ƙasa ya tuna. Ya fito a hankali, hula a hannu.

Abin da Labo ya gaya masa a wurin ba mai maimaituwa ba ne. Ya zage shi, ya zagi motar, ya zagi ranar da aka koya masa tuƙi. Iro bai rama ba, karo na farko ke nan tun suna yara. Da ƙarfe ya huce Labo ya kwance tiyo ya sa yatsa. Hasana lafiya lau, tana juyawa sumul. Usaina kuwa sandarta ta yi shuɗi, tana girgiɗi, farfelar na taɓa bango. Ya zauna a yashi da ita a cinya, awa uku yana wankewa da gazuwal, yana gogewa, yana busa bututun mai da baki. Ya mayar, aka tada inji. Tana juyawa, amma da wata ƴar shessheƙa da shi kaɗai ke ji. Ya san in aka lallaɓa ta za ta kai su Gazawa, ya nemi yadda zai yi mata magani. Ya kuma san Tudun Baushe ba a hawansa da lallaɓawa.

Da suka isa ruga rana ta take tsaka, sanyin safiyar da suka so yin lodi a ciki ya wuce. Jaye da matarsa Zainaba sun riga sun haƙa rami kamar yadda aka aika musu. Iro ya shiga da baya har dandamali ya yi daidai da ƙasa. Shanun nan, wayyo! Ƙashi da fata, tozo ya kwanta, ƙaho ya yi wa kai nauyi. Jaye bai daki ko ɗaya ba. Kiran sunansu yake a hankali da Fulatanci, kowace ta taso tana tangaɗi ta shiga. Ta ƙarshe wata ja ce, Woɗeye, cikinta ya fito.

"Ita kaɗai ke da ciki," in ji Jaye. "In ta haihu, ina da garke. In ba ta haihu ba, ina da shanu goma sha ɗaya masu jiran rana."

Ya shiga tsakiyarsu ya tsaya, hannu ɗaya a wuyan Woɗeye. Zainaba ta hau saman rufi da ƙorenta da tabarmi. Aka juyo.

A gindin tudun Labo ya ce a tsaya, a bar inji na aiki. Suka rage iskar tayoyi don su kama yashi. Sannan ya cire murfin gefen inji ya tsaya yana kallon tagwayensa. Kowace tana da wata ƴar ƙofa da ke buɗewa ta saki hayaƙi in ƙarfi ya yi yawa, don kada ta halaka. Da Usaina na da lafiya, da ƙarfin da suke bayarwa ya isa. Yanzu bai isa ba, ya auna ya sake aunawa. In ya ɗaure ƙofofin nan za su ba da duk abin da suke da shi, kuma ba za su sake ba da wani ba. Ya tuna yadda ya ƙudura zai shiga tashar Maraɗi da motar nan, manyan kanikawa su taru su leƙa, su tambayi wa ya yi. Irin ƙarafan nan ba a sayar da su a kasuwa, kuma motar tsere ba kullum take mutuwa a dajin Agiye ba. Ransa ya yi ɗaci ƙwarai. Daga bayan mota ya ji wata saniya ta yi nishi, ya ji muryar Jaye na lallashinta. Ya ciro wayar ƙarfe daga aljihu ya ɗaure ƙofar Hasana tam, ya zagaya ya ɗaure ta Usaina.

Iro ya leƙo. "Mi kaka yi haka?"

"Ba ruwanka. Giya ta biyu, ka taka har ƙasa. Kome ka ji, kome ka gani, kada ka ɗaga ƙafa. Ka ɗaga, sai na kashe ka na kashe kaina."

Ya maƙale a matakalar ƙofa inda zai riƙa ganin inji. Iro ya yi bisimilla ya taka.

Jama'a, ranar kamyon nan ya yi abin da ba a ƙera shi don ya yi ba. Ya faɗa yashi yana watsa shi baya, fiton tagwaye ya tashi har ya fi ƙarfin kunne. Suka wuce bishiyar aduwar da Iro ya maƙale karon farko. Suka wuce inda ya maƙale karo na biyu, guntayen katakon da ya shimfiɗa ma suna nan. Labo na kallo ƙarfen Usaina ya yi ja, da rana tsaka ana ganin jansa. Zafi na dukan fuskarsa, gashin hannunsa na ƙauri. Zainaba na salati a sama. Saura tsawon mota kamar goma, Usaina ta yi wata ƙara kamar an ja wuƙa a kan dutse, ta tsaya cik. Farin hayaƙi ya turnuƙe, mota ta yi sanyi, tayoyin baya suka fara nitsewa.

"Ta tafi!" in ji Iro.

"Taka! Taka, ɗan ƙanwar ubana, taka!"

Tiyon Hasana ya kumbura, bakinsa ya fara zamewa. Labo ya cire hula ya naɗe hannu, ya miƙa jiki ya danne shi. Hular ta kama hayaƙi, bai saki ba. Hasana ita kaɗai, da tukunya uku, ta ja kamyo da shanu goma sha ɗaya da mutum huɗu, taku bayan taku, kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Hancin mota ya leƙa sama, ya daidaita, ya sunkuya. Daidai nan Hasana ma ta fashe. Fadamar Gazawa ta bayyana can ƙasa, kore-kore.

Inji na ta tari yana aman hayaƙi. Iro ya riƙe sitiyari da hannu biyu gam, kamar mai tsoron kada ɗaya ya gudu. Ya dubi Labo.

"Kashe," in ji Labo. "Babu sauran abin da za ka ɓata."

Suka gangara shiru, ba ka jin komai sai kukan ƙarafa da numfashin shanu. A ƙasa aka sake tada inji, ya ja su da rarrafe, mai tafiya a ƙafa ma sai ya wuce su. La'asar sakaliya suka isa rijiyoyin lambu. Masu ban ruwa suka ajiye guga suka taho, aka haƙa rami da sauri, aka buɗe baya. Shanu suka ji ƙanshin ruwa, suka fito ɗaya bayan ɗaya suna karkarwa. Goma suka fito. Woɗeye na kwance a dandamali, tun a kan tudu ta faɗi, Jaye ya raba ƙafafu a kanta ya tare ta da jikinsa don kada a tattake ta. Ƙafarsa duk jini.

Kowa a wurin ya san saniyar da yunwa ta kayar ba ta cika tashi ba. Wani ma har ya fara laluben wuƙa, don kada ta mutu mushe. Jaye bai dube shi ba. Ya dubi Labo, ya ga hannunsa ya yi bororo, fata ta saluɓe.

"Hannunka zai iya?"

"Zai iya."

Aka zura itace biyu ƙarƙashinta, ɗaya a ƙirji, ɗaya gaban cinya don kada a taɓa cikin. Iro da masu lambu suka kama bakin itatuwan, Jaye ya riƙe ƙaho, Labo ya naɗe wutsiya a ƙonannen hannunsa. Suka ɗaga. Ta yi sama, ƙafafu na lilo, ta koma. Suka sake. A na uku Jaye ya sa baki a kunnenta ya kira sunanta, irin kiran da yake yi mata tun tana maraƙa. Kofaton gaba ya dafa, na baya ya bi. Aka zare itace a hankali, kowa ya ja da baya, hannuwa a miƙe. Ta yi tangaɗi, ta tsaya. Sannan ta taka da kanta, ta sauka daga motar, ta nufi kwamin ban ruwa ta tsoma baki.

Jaye ya tsaya kusa da Labo, suna kallon maƙogwaronta na hawa yana sauka. Can sai gefen cikinta ya motsa, wani ɗan tudu ya taso ƙarƙashin fata ya koma. Jaye ya kama hannun Labo, ƙonannen, ya kai shi wurin ya ɗora.

"Ka ji?" in ji shi. "Yana da rai."

Labo ya ji. Hawaye suka zubo masa a gaban mutane, bai ko share ba, kuma bai janye hannun ba sai da ɗan ya sake harbawa.